Baƙo a Tsakiyar Yakuza: Tambayoyi da Amsoshi kan Jake Adelstein da Binciken Gungun Miyagu na Japan

Tun da aka fara nuna wasan kwaikwayon Tokyo Vice a 2022, mutane da yawa suka soma tambaya ko da gaske an taɓa yin wani Ba'amurke da ya zauna a ɗakin labarai na jaridar Japan yana bin sawun 'yan yakuza, wato gungun miyagun ƙasar. An yi shi, kuma yana raye. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kansa da kuma kan ƙungiyoyin da ya bincika, na amsa su gwargwadon abin da ya tabbata. Inda magana ta dogara da bakinsa shi kaɗai, zan faɗa.

Wane ne wannan ɗan jarida?

Sunansa Jake Adelstein. An haife shi a 1969 a garin Columbia da ke jihar Missouri a Amurka, cikin dangin Yahudawa. Yana ɗan shekara 19 ya tafi Japan karatu, ya shiga Jami'ar Sophia a Tokyo, kuma wani ɓangare na zaman ɗalibtarsa a wani gidan ibadar mabiya Buddha ya yi shi. A 1993 jaridar Yomiuri Shimbun ta ɗauke shi aiki. Ya yi shekara 12 a wurinsu, ya bar aikin a 2005, sannan a 2009 ya fitar da littafin da ya sa duniya ta san shi, wato Tokyo Vice.

Mene ne abin mamaki a ce baƙo ya yi aikin jarida a Japan? Ai wakilan ƙasashen waje sun cika Tokyo.

Akwai bambanci babba. Wakilin jaridar Amurka ko Ingila a Tokyo da Turanci yake rubutu, don mutanen ƙasarsu, kuma sau da yawa yana da tafinta a gefensa. Adelstein kuwa jarrabawar ɗaukar ma'aikata ya zauna tare da ɗaliban Japan, cikin harshen Japananci, ya ci, aka ɗauke shi a matsayin cikakken ma'aikaci mai rubuta wa Japanawa labari da harshensu. Kafin shi Yomiuri ba ta taɓa ba wani Ba'amurke irin wannan gurbi ba. Ita kuma ba ƙaramar jarida ba ce: a shekarun 1990 tana buga kusan kwafi miliyan 10 kowace safiya, babu jaridar da ta kai ta yawan bugu a duniya.

Ba a fara da shi a Tokyo ba. An tura shi ofishin Urawa a lardin Saitama, inda sababbin shiga ke koyon aiki da labaran haɗarin mota, gobara, sata da wasannin makarantu. A can ne ya bi shari'ar wani mai kiwon karnuka, Gen Sekine, wanda aka kama a 1995 bisa kisan mutum huɗu, ɗayansu ma wani jigo ne a yakuza. Daga baya aka mayar da shi Tokyo, ya riƙa ɗauko labaran hedkwatar 'yan sandan birnin da na unguwar Kabukicho, matattarar mashaya da gidajen dare a yankin Shinjuku.

Su wane ne yakuza, kuma daga ina sunan ya fito?

Sunan daga karta ya fito. A wata tsohuwar cacar Japan ana haɗa lambobin kati uku a duba lambar ƙarshe. Wanda ya ɗauki 8 da 9 da 3, wato ya, ku, za, jimillarsa 20 ce, lambar ƙarshe sifili ke nan, hannun da ya fi kowane lalacewa. Don haka ma'anar kalmar ita ce abin da ba shi da amfani. Tushensu ya koma zamanin Edo, kafin 1868, daga rukuni biyu: bakuto, 'yan caca, da tekiya, 'yan koli masu kafa tebur a wuraren bukukuwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika sahunsu daga baya sun fito ne daga mutanen da al'umma ta ware, irin su zuriyar burakumin, waɗanda kakanninsu ke yin sana'o'in da ake ƙyama a da kamar fawa da jima, da Koriyawan da aka haifa a Japan, waɗanda ƙofofin aiki suka daɗe a rufe gare su.

Su kansu suna kiran ƙungiyoyinsu ninkyo dantai, wato ƙungiyoyin jarumta da kare mai rauni. 'Yan sanda kuma suna kiransu boryokudan, ƙungiyoyin ta'asa, kuma sun nemi jaridu su riƙa amfani da wannan suna. A ganina sunan 'yan sanda ya fi dacewa da su.

Manyansu uku ne. Yamaguchi-gumi, wadda aka kafa a 1915 a tashar jiragen ruwa ta Kobe, ita ce mafi girma; Kazuo Taoka, shugabanta na uku daga 1946 zuwa 1981, shi ya mayar da ita ƙungiyar da ta mamaye ƙasa. Sai Sumiyoshi-kai da Inagawa-kai, dukansu a yankin Tokyo. A 1963 'yan sanda sun ƙidaya kimanin mutum 184,000 a cikin waɗannan ƙungiyoyi baki ɗaya.

Da gaske ne suna da ofisoshi da katin suna?

Da gaske ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai. Zama ɗan yakuza ba laifi ba ne a dokar Japan har yau. Ƙungiyoyin suna da hedkwata da kowa ya san adireshinta, a da har da allon suna da tambari a bakin ƙofa. Hukumar 'yan sanda tana wallafa jerin ƙungiyoyin da ta ayyana, fiye da 20, da sunan shugaban kowace da yawan mutanenta. An daɗe ana sayar da mujallun da ba su da aiki sai kawo hotunan shugabannin da labarin wanda aka ɗaga da wanda aka kora.

Dalilin wannan zaman doya da manja shi ne, shekaru da dama hukuma tana ganin gara miyagun da aka san gidansu da waɗanda ba a san inda suke ba. Idan aka yi harbi, sau da yawa ƙungiyar ce ke turo wani yaro ya miƙa kansa da bindigar a hannu, 'yan sanda su rufe fayil, yaron ya yi zaman kaso ya fito a ƙara masa girma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon siyasar Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu a tsage yake. Mutane irin su Yoshio Kodama, wanda sunansa ya fito a badaƙalar cin hancin kamfanin Lockheed a 1976, sun yi shekaru suna zama gada tsakanin 'yan siyasa da shugabannin waɗannan ƙungiyoyi.

Maganar yanke yatsa da zanen jiki fa?

Duka biyun gaskiya ne, sai dai suna raguwa. Ƙungiyar an gina ta ne kamar gida: oyabun shi ne uba ko ubangida, kobun shi ne ɗa ko yaro, kuma ana ƙulla wannan alaƙa da shan giyar shinkafa daga ƙoƙo ɗaya. Yaron da ya yi babban kuskure yakan datse gaɓar ƙarshe ta ƙaramin yatsansa, ya naɗe ya kai wa ubangida don neman afuwa. Sunan wannan yubitsume. Zanen jiki kuwa, irezumi, yakan rufe baya da ƙirji da cinyoyi, a bar wuya da tafin hannu yadda riga za ta ɓoye shi. Shi ya sa gidajen wanka da yawa a Japan ba sa barin mai zane ya shiga. Samarin yanzu sun fi guje wa duka biyun, domin alamar da ke tsorata mutane ita ce kuma ke tona asiri a gaban banki.

A ina suke samun kuɗi?

Tsofaffin hanyoyin su ne caca, karuwanci, ba da rance da ruwa mai yanka wuya, sayar da ƙwayar da Japanawa ke kira shabu, da karɓar kuɗin kariya daga mashaya da shaguna. Amma abin da Adelstein ya dage yana faɗa tun farko shi ne cewa babban kuɗin ba a titi yake ba. A shekarun 1980, lokacin da farashin filaye ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin gine-gine sun riƙa hayar su don su kori masu haya da masu ƙananan gidaje da suka ƙi sayarwa. Akwai kuma sokaiya, waɗanda ke sayen ɗan hannun jari a kamfani, su tono abin kunyar shugabanninsa, su ce a biya su ko su fasa ƙwai a taron masu hannun jari. Daga nan suka shiga kasuwar hannun jari da dillancin gidaje da samar da leburori, ta hanyar kamfanonin da ba a ganin sunansu a takarda. A 2013 an gano cewa bankin Mizuho, ɗaya daga cikin manyan bankunan ƙasar, ya bar rancen kusan yen miliyan 200 a hannun mutanen da ke da alaƙa da su, kuma shugabanninsa sun sani ba su ɗauki mataki ba.

Ta yaya ɗan jaridar da ke bin 'yan sanda yake samun labari a Japan?

A nan ne nake ganin littafinsa ya fi amfani, fiye da wuraren da ake zare wuƙa. Kowace babbar ma'aikata a Japan tana da ƙungiyar 'yan jarida da ake kira kisha kurabu, da ɗakinta a cikin ginin ma'aikatar. Manyan jaridu da gidajen talabijin ne mambobi. Su ake ba sanarwa, su ake kira taron manema labarai, wanda ba ya ciki kuwa sai dai ya ji a bakin wasu. Wannan tsari yana kawo sauƙi, yana kuma ɗaure baki, domin wakilin da ya ɓata wa 'yan sanda rai zai iya wayar gari an daina yi masa magana, jaridarsa ta riƙa rasa labarin da kowa ya samu.

Labarin da ya fi na kowa kuwa ba a ofis ake samunsa ba. Al'adar ita ce ziyarar dare da ta asuba: wakili ya je gidan jami'in bincike bayan an tashi aiki, ya tsaya a ƙofa cikin sanyi, da ɗan tsaraba a hannu, yau a kore shi, gobe a kore shi, wata rana matar gida ta ji tausayinsa ta ce ya shigo ya sha shayi. Haka ake yi wata da watanni kafin jami'in ya furta kalma ɗaya mai amfani. Adelstein ya ba da labarin wani jami'in Saitama mai suna Sekiguchi wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya koya masa yadda ake magana da 'yan yakuza da kuma abin da ba a karɓa daga hannunsu. Darasin da ya fi nanatawa shi ne kada ka bari su bi ka bashin alheri, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Zamansa baƙo ya taimake shi ne ko ya hana shi?

Duka biyu, amma a ƙarshe taimakon ya fi yawa. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma a shekarunsa na farko haka yake: ga harshe mai matakan girmamawa da ko 'yan ƙasa ke tuntuɓe a kai, ga fuska da ba ta ɓuya a cikin taro. Sai dai wannan fuskar ta sa ba a manta shi. Jami'in da wakilai goma suka ziyarta zai tuna Bature ɗaya da ke cikinsu. Kuma lokacin da Lucie Blackman, wata 'yar Ingila mai aiki a wani gidan dare a Roppongi, ta ɓace a 2000, jaridarsa ta ga amfanin mai jin Turanci da zai iya shiga cikin matan ƙasashen waje da ke aiki a unguwar. Ta wannan hanya ce ya fara ganin yadda ake shigo da mata ana ƙwace musu fasfo ana ɗora musu bashin da ba ya biyuwa. Bayan ya bar Yomiuri ya yi aiki a matsayin mai bincike a wani nazari kan safarar mutane a Japan da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ɗauki nauyi.

Babbar fa'idar dai ita ce yana da ƙofa ta biyu. Ɗan jaridar Japan idan editansa ya ce a'a, yawanci magana ta ƙare, sai dai ya kai wa mujallun mako. Shi kuwa yana iya tsallaka teku ya buga da Turanci, kuma hakan ya yi a babban labarin rayuwarsa.

Wane labari ne wannan?

Labarin Tadamasa Goto ne, shugaban Goto-gumi, wani reshe na Yamaguchi-gumi mai hedkwata a Fujinomiya, a gindin Dutsen Fuji. Ko a cikin yakuza an san mutanensa da rashin jin kunyar taɓa farar hula. Hantarsa ta lalace, kuma a Japan dashen gaɓoɓi daga mamaci abu ne mai wuyar samu. Amurka kuma ta hana shi shiga ƙasarta saboda tarihinsa. Duk da haka a 2001 ya sauka a Los Angeles, aka yi masa dashen hanta a asibitin Jami'ar California da ke birnin, wato UCLA, a hannun babban likitan dashe Ronald Busuttil.

Yadda ya samu biza shi ne zuciyar labarin. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ce ta taimaka masa, bisa sharaɗin zai ba ta sunayen 'yan Yamaguchi-gumi da bayanin kamfanoni da asusun da suke amfani da su a Amurka, bayanan da 'yan sandan Japan ba su cika son rabawa ba. Ya samu hantarsa ya koma gida. Wani tsohon jami'in FBI ya shaida wa jaridar Los Angeles Times daga baya cewa abin da Goto ya bayar bai taka kara ya karya ba.

Adelstein ya ce ya fara jin ƙishin-ƙishin ɗin tun yana Yomiuri, kuma a 2005 wani na hannun daman Goto ya zaunar da shi ya ba shi zaɓi: ya goge labarin, ko a goge shi, wataƙila har da iyalinsa. Ya ajiye aiki a wannan shekarar. Bai ajiye binciken ba. A watan Mayun 2008 ya buga abin da ya sani a Washington Post. Kafin watan ya ƙare, Los Angeles Times ta fito da nata binciken, wanda ya nuna cewa ba Goto kaɗai ba ne: mutum huɗu masu alaƙa da gungun miyagun Japan aka yi wa dashen hanta a UCLA tsakanin 2000 da 2004, kuma Goto ya ba asibitin gudummawar dala 100,000 bayan aikin. A kowace ɗaya daga cikin waɗannan shekaru, marasa lafiya fiye da 100 ne suka mutu a yankin Los Angeles suna jiran hanta. Asibitin ya ce bai karya ƙa'ida ba, kuma ba aikin likita ba ne ya auna halin mara lafiya. Ni dai duk lokacin da na dawo kan wannan labari, waɗancan mutum ɗari-ɗari da ke kan layi nake tunawa, waɗanda ba su da abin da za su sayar wa FBI.

Me ya sa ya buga maimakon ya yi shiru ya tsira?

Lissafinsa shi ne, muddin labarin yana cikinsa shi kaɗai, kashe shi yana da riba. Da zarar ya fita duniya, ribar ta tafi, sai dai ramuwa. Ga ɗan yakuza kuma babu abin kunya kamar a ce ya sayar da 'yan uwansa ga hukumar wata ƙasa, don haka fitar labarin zai juya ƙungiyar a kan Goto. A lokacin 'yan sandan Tokyo sun sa shi cikin waɗanda suke ba kariya, ya kuma ɗauki wani tsohon ɗan yakuza a matsayin direba da mai gadi.

Barazanar ta gaske ce? Suna taɓa 'yan jarida da sanannun mutane?

Suna taɓawa. A 1992 mai shirya fina-finai Juzo Itami ya fitar da wani fim da ya nuna 'yan yakuza a matsayin matsorata masu cin zalin da ake iya kora idan aka tsaya tsayin daka. Kwanaki kaɗan bayan fitowarsa 'yan Goto-gumi suka tare shi a ƙofar gidansa suka tsaga masa fuska da wuya. Ya rayu, aka kama su aka ɗaure. A Disambar 1997 aka tsinci gawarsa a ƙasan ginin ofishinsa. 'Yan sanda suka ce shi ya kashe kansa. Adelstein ya ce wani tsohon ɗan ƙungiyar ya gaya masa tilasta shi aka yi ya faɗo, amma babu kotun da ta tabbatar da haka. Haka nan lauyan Adelstein, Toshiro Igari, tsohon mai gabatar da ƙara da ya shahara wajen yaƙi da yakuza, an same shi a mace a Manila a 2010, hukuma ta ce kisan kai ne da hannunsa, wasu na kusa da shi ba su gamsu ba.

A 2007 wani jigo a reshen Yamaguchi-gumi ya harbe magajin garin Nagasaki, Iccho Ito, a tsakiyar yaƙin neman zaɓe.

Akwai kuma sunan da nake so mai karatu ya riƙe: Atsushi Mizoguchi. Ɗan jaridar Japan ne da ya shafe shekaru da dama yana rubutu kan Yamaguchi-gumi. A 1990 aka soke shi da wuƙa bayan ya ƙi janye wani littafi. A 2006 aka soki ɗansa, wanda ba ruwansa da aikin uban. Bai daina rubutu ba. Akwai Tomohiko Suzuki, wanda a 2011 ya shiga tashar nukiliyar Fukushima a matsayin lebura don ya ga yadda yakuza ke samar da ma'aikatan share wurin. Waɗannan ba su da fasfon wata ƙasa da za su gudu, ba a kuma yi wasan kwaikwayon Amurka a kansu ba. Sunan Adelstein ya fi nasu tafiya ne saboda da Turanci ya rubuta.

Yaya Goto ya ƙare?

A Oktoban 2008 Yamaguchi-gumi ta kore shi. Dalilin da ya fito fili shi ne ya ƙi halartar taron shugabanni da sunan rashin lafiya, alhali ya shirya gagarumin bikin ranar haihuwarsa da wasan golf da sanannun mawaƙa, wata mujallar mako ta fallasa. Adelstein yana ganin labarin FBI na cikin abin da ya ci shi. A 2009 Goto ya aske kai ya shiga sahun malaman addinin Buddha a wani wurin ibada a lardin Kanagawa, a 2010 ya fitar da tarihin rayuwarsa. A 2012 ya biya yen miliyan 110 ga iyalan wani dillalin gidaje da yaransa suka kashe a Tokyo a 2006. Daga baya ya koma Kambodiya, kuma a Disambar 2015 Ma'aikatar Kuɗin Amurka ta sa masa takunkumi, tana cewa har lokacin yana da hannu a harkokin ƙungiyoyin.

Za a iya gaskata duk abin da Adelstein ya rubuta?

Ya kamata a raba littafin gida biyu. Aikinsa a Yomiuri, dashen hantar Goto, hannun FBI da gudummawar da aka ba asibiti duk sun tabbata ta bakin wasu: Los Angeles Times ta bi su da kanta, shirin 60 Minutes na gidan talabijin ɗin CBS ma ya yi rahoto a kai a 2009. Wannan ɓangaren a tsaye yake daram.

Ɗaya ɓangaren kuwa, hirarrakin da aka yi a ɗaki daga shi sai wani, faɗace-faɗace, da labarin wata mata da ya ce ta ɓace bayan ta taimaka masa da bincike, shi kaɗai ne shaida. A 2022 mujallar The Hollywood Reporter ta buga dogon rahoto inda wasu da suka san shi, har da wanda suka yi aiki tare a Yomiuri, suka nuna shakku kan wasu daga cikin waɗannan labarai. Ya musanta, ya fitar da wasu takardu, ya kuma ce tun farko ya sanar cewa ya sauya sunaye da bayanai don kare majiyoyinsa. Hujjar tana da ƙarfi, domin majiyar da aka gane a wannan fage tana iya rasa ranta. Amma tana da tsada: duk bayanin da aka sauya don kariya ya zama wanda ba mai iya bincikawa. Ra'ayina shi ne a karanta ɓangaren farko a matsayin rahoto, na biyu kuma a matsayin abin da mutum ɗaya ya ce ya gani.

Wasan kwaikwayon fa, tarihi ne?

A'a. Dandalin kallon fina-finai na Amurka, HBO Max, ya fara nuna shi a 2022, Ansel Elgort ya fito a matsayin Adelstein, Ken Watanabe a matsayin jami'in da ya rene shi, Michael Mann ya ba da umarnin kashi na farko. An sauya sunan jaridar, an ƙirƙiri yawancin mutanen, an kuma tsayar da shi bayan zango na biyu a 2024.

Amma an ce suna taimakon jama'a idan bala'i ya auku.

Sun yi. Bayan girgizar ƙasar Kobe a Janairun 1995, Yamaguchi-gumi ta raba abinci da ruwa daga hedkwatarta tun kafin agajin gwamnati ya kankama. Bayan igiyar ruwan tsunami ta Maris 2011 ma sun tura motoci cike da kaya arewa maso gabas, kuma Adelstein na cikin waɗanda suka fara ba da wannan labari. Wanda ya sha ruwan a ranar ƙishi ba zai ce ƙarya ba ne. Sai dai aikin sake gini da ke biyo bayan bala'i, da kwashe ɓaraguzai da samar da leburori, yana cikin sana'o'in da suka fi ci da su.

To mene ne ya karya ƙarfinsu?

Takarda ce ta karya su fiye da bindiga. Dokar yaƙi da boryokudan ta fara aiki a 1992, ta ba hukuma ikon ayyana ƙungiya da hana 'ya'yanta neman kuɗi da sunanta. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke cewa shugaban Yamaguchi-gumi na lokacin, Yoshinori Watanabe, shi zai biya diyyar wani ɗan sanda da yaran wani reshe suka harbe a Kyoto bisa kuskure. Daga ranar ɗan kuka ya fara jawo wa uwarsa jifa, shugabanni suka shiga hana yaransu harbi don tsoron aljihunsu.

Bugun da ya fi zafi ya zo ne a Oktoban 2011, lokacin da dokokin ware su suka game larduna 47 na ƙasar. Waɗannan dokoki sun juya kan mai ba su: kamfani ko shagon da ya biya kuɗin kariya ko ya yi hulɗa da su shi ma ya shiga uku. Ɗan yakuza ba ya iya buɗe asusun banki, ko kama hayar gida, ko yin rajistar layin waya da sunansa, kuma idan ya ɓoye matsayinsa ya sa hannu a takarda, an kama shi da zamba. Ko ya tuba ya fita, yawanci sai ya yi shekara biyar kafin a daina lissafa shi cikinsu. A shekarar ce fitaccen mai gabatar da shirye-shiryen talabijin Shinsuke Shimada ya yi murabus saboda alaƙa da wani jigonsu, a 2012 kuma ministan shari'a Keishu Tanaka ya sauka bayan an tono tsohuwar hulɗarsa da su. Amurka ma a 2011 ta sa yakuza cikin jerin ƙungiyoyin miyagu na ƙasa da ƙasa da ake toshe wa dukiya.

Sai rikicin cikin gida. A Agustan 2015 Yamaguchi-gumi ta dare biyu, wasu rassa suka ɓalle suka kafa Kobe Yamaguchi-gumi. An yi shekara goma ana kai wa juna hari jefi-jefi, hukuma ta rufe ofisoshinsu, har a Afrilun 2025 uwar ƙungiyar ta kai wa 'yan sandan lardin Hyogo takardar alkawarin daina faɗa. A kudu kuma, a 2021 kotu ta yanke wa Satoru Nomura, shugaban Kudo-kai ta Kitakyushu, hukuncin kisa kan hare-haren da aka kai wa farar hula. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin rai da rai a 2024.

Ke nan sun ƙare?

Sun tsufa sun ragu. A ƙididdigar 2024 adadinsu ya sauka ƙasa da 20,000 a karon farko, kimanin 18,800, kuma fiye da rabinsu sun haura shekara 50. Amma laifi bai bi su kabari ba. Abin da ke damun 'yan sandan Japan yanzu shi ne gungun da suke kira tokuryu: ba ofis, ba tambari, ba ubangida da aka sani. Ana ɗaukar matasa ta shafukan sada zumunta da tallan aiki mai kuɗi, a ba su umarni ta manhajar da ke goge saƙo, su yi fashi ko su damfari tsofaffi ta waya da salon nan na "ni ne, ni ne", inda mai kira ke yin kamar ɗa ne ko jika da ya shiga matsala. Yaron da aka kama sau da yawa bai taɓa ganin fuskar wanda ya aike shi ba, kuma 'yan sanda na zargin wani kaso na kuɗin yana komawa hannun tsofaffin ƙungiyoyin.

Wannan ya sauya aikin ɗan jarida ma. Dabarar da Adelstein ya koya a Saitama ta dogara ne da cewa mugu yana da adireshi da suna da martabar da yake karewa, ana iya zuwa a buga masa ƙofa a ji ta bakinsa.

Ina Adelstein yake yanzu?

Yana Japan, yana ci gaba da rubutu. Ya daɗe yana aika rahotanni ga The Daily Beast da wasu jaridu, ya bi labarin rushewar kasuwar kuɗin intanet ta Mt. Gox a Tokyo a 2014, ya kuma fitar da wasu littattafai, ciki har da The Last Yakuza a 2023, wanda ya gina kan rayuwar tsohon ɗan yakuzan nan da ya yi masa direba da gadi. Shi ma ya yi fama da ciwon dajin hanta a 2011, kuma a 2017 aka naɗa shi malami a ɗariƙar Soto Zen, wadda a gidan ibadarta ya zauna lokacin yana ɗalibi.